Katin Baƙi a Hanyar Maƙabarta

Tsohuwa ce 'yar firit, da hular zuwa coci da takalmin roba irin na masu kamun ƙaguwa. Tana tsaye a ƙofar sabon otal ɗin bakin teku, nan gundumarmu ta Karolina ta Kudu, riƙe da kofin shayi mai tsaga. Kowane ɗan gari ya san nufinta: kofin da mamaci ya sha na ƙarshe, a kan kabarinsa ake ajiye shi. Maƙabartar kakanninmu kuwa yanzu tana cikin shingen otal.

Maigadi ya miƙo mata katin ratayawa a wuya.

"Me aka rubuta, Cleophus?"

"'Baƙuwa', Anti. Doka ce. Ba kati, ba shiga."

"Ni ce baƙuwar? Uwata na ciki, mijina na ciki tun makon jiya! Kai ma kakarka na ciki tana jin ka, mara kunya!"

'Yan yawon buɗe ido na wuce ta, suna karanta allon tarihi. Da gani ba ta saba sunkuyar wa kowa kai ba, amma mijin na jira. Ta fizge katin, ta rataya shi ta baya, ta shige, rubutun na kallon maigadi.