Na Allah da tambarin da ya kwashe irin Zara'u

"Wai shi ya karanta mata?"

"Shi ɗin. Har da miƙewa tsaye."

"Allah ya kyauta. Mutumin da ko takardar ƙosai ka buga wa tambari sai ya sara mata?"

Hirar da ake yi ke nan a rumfar masu goro, kasuwar Mayahi, shekarar da fari ya cinye gonaki a ƙarƙashin mulkin soja. Wanda ake magana a kansa yana zaune taku goma daga wurin, yana goge tabaran da babu gilashi a ido ɗaya.

Na Allah ɗan Attantane ne. Ya yi shekara ukku a lakwal, wato makarantar boko, malamin ya ce ya isa haka. Daga nan ya samu aikin kai takardu a biro, wato ofishin gwamnati, ya shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar takarda daga tebur zuwa tebur. Da sojoji suka karɓi mulki aka rage ma'aikata, ya fito da abu biyu: tsohuwar rigar kaki, da imanin cewa duk abin da aka buga wa tambari ba ya ƙarya. Ya kafa tebur a gindin itacen bedi yana karanta wa mutane wasiƙa. Kuma da ƙarfi yake karantawa, don mai sayar da gishiri a can ƙarshen layi ya san akwai mai ilimi a garin. Ta haka kasuwa duka ta san mijin wa ya tafi Kano, da abin da ya bari a rumbu.

Mutanen ƙauyukan nan suna da dabararsu. Wasiƙa wani ke rubutawa, wani ke karantawa, to ta ina mace za ta san bakin mijinta ne? Shi ya sa kafin mutum ya tafi ci rani, sai su keɓe su biyu su tsai da alama. Wani ya ƙona gefen takarda, wani ya saka ƙwarar wake. Na Allah yana kiran wannan "wasan ƙauyawa".

Hamidu, wani manomi na Attantane, ya tsai da tasa da matarsa Zara'u: baƙin zare mai ƙulli ukku. Ita kuwa duk wasiƙar da ta zo, sai ta zare zaren ta ɓoye a haɓar zane kafin ta miƙa wa Na Allah. An san suna da alama, ba a san mece ce ba. Da zai tafi ci rani Kano, Hamidu ya bar mata dami shida na geron iri. Ta ciyar da ɗiyanta da ganye da dusa wata huɗu, ba ta taɓa ko zangarniya ɗaya ba, domin idan irin ya tafi, ko ruwa ya dawo babu abin shukawa.

Ran nan wani baƙo mai suna Jaji ya sauka daga kamyo, babbar motar kaya, da wasiƙa, ya ce daga Hamidu. Aka kira Zara'u da Jibo, wan Hamidu, zuwa gindin bedi. Zara'u ta buɗe ta duba, babu zare. Na Allah ya karɓa, ya hangi wani tambari shuɗi a ƙasa, sai ya miƙe ya gyara wuyan riga.

Wasiƙar ta ce a ba mai ɗauke da ita geron duka, an samu iri mai saurin nuna za a musanya. Ta ƙara da cewa: "Alamar da muka yi da ke na bar ta. Daga yau wanga tambari shi ne alamata."

Zara'u ta ce, "Malam, wa ya ce an canja alama?"

"Takarda ta ce."

"Wa ya ce takardar ta maigida ce?"

"Ga tambari kina gani."

"To wa ya ce tambarin nashi ne?"

Na Allah ya buga yatsa a kan tebur. "Ke baiwar Allah, ba yanzu na karanta miki ba? Takarda ta ce."

"Gaba da gaba muka tsai da alamar ga, ni da shi," in ji Zara'u. "In zai canja ta, sai ya saka tsohuwar a ciki, ko ya aiko wanda na sani, wanda ya gan shi da ido. Wanga bawan Allah ban san shi ba. Kuma takardar ko faɗin alamar ba ta yi ba."

Na Allah ya juya wajen Jibo yana murmushin tausayi. "Ka ji ko? Shekara goma sha ɗaya ina biro. Komanda mai mulkin gari da kansa, tambari ke sa a san maganarsa. Mace mai daka ce za ta koya mini takarda? Ni na shaida." Ya jawo alƙalami ya sa hannu a ƙarƙashin tambarin, da wata doguwar jela kamar ta ɓera. Wato mutumin da bai taɓa ganin Jaji ba sai ranar, ya zama mai shaidarsa.

Jibo ba mugu ba ne, kunyar rigar kaki kawai yake ji. Ya buɗe rumbun da hannunsa. Zara'u ta shiga ta zauna a kan dami biyu, ta ce sai dai a ɗauke ta tare da su. Dami huɗu suka hau kamyo.

Bayan mako biyu mai gishirin can ya ga takardar a hannun Jibo, ya juyo buhunsa ya nuna masa: tambarin nan ne sak, irin wanda ake bugawa a buhun gishiri. Da aka gaya wa Na Allah, cewa ya yi ai duk da haka tambari ne.

Ranar kasuwar da ta biyo, wani direba ɗan Attantane, wanda Zara'u ta sani tun suna yara, ya kawo mata wasiƙa. Ya ce sun ci tuwo da Hamidu a Kano kwana ukku da suka wuce, kuma Hamidu bai aiko kowa ya karɓi iri ba. Ta buɗe. Baƙin zare, ƙulli ukku. Babu tambari ko ɗaya.

Ta riƙo Jibo suka zo gindin bedi. Masu goro suka bar rumfa suka matso. Na Allah ya karɓi takardar, idonsa ya sauka a layin farko, inda Hamidu ke cewa kada kowa ya taɓa irin nan, yana nan tafe kafin ruwan shuka. Sai muryar da ke kai wa ƙarshen layi ta koma ƙus-ƙus, ya fara neman tabaransa alhali suna kan hancinsa.

Zara'u ta ɗora zaren a kan tebur, ta gyara goyonta, ta ce, "Malam Na Allah, don Allah ka miƙe tsaye ka karanta mana wannan da ƙarfi, kamar yadda ka karanta waccan, Yaya Jibo ya ji."