Akwatin Cokulan Tak Byeong-ryeol

Shekara talatin da ɗaya Tak Byeong-ryeol ya yi yana riƙe da mabuɗan sito na huɗu a tashar jiragen ruwa na yaƙi ta garinmu. Ni kuwa ina walda a rumfar da ke kallonsa. Tak ba mai yawan magana ba ne. Shinkafa da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, su ne abincin ranarsa, kuma a tsaye yake ci.

Jiragen da muke yi wa hidima tsofaffi ne, ƙirar Amurka, sun girmi matuƙansu. Masu ƙera kayan gyaransu sun daɗe da dainawa. In jirgi ya gama aiki, mukan kwance abin da zai kwantu, mu rufa wa 'yan'uwansa asiri da shi. Wata shekara takarda ta zo daga sama: a kai tsofaffin kayan nan duka a narkar, wanda aka kama da ko noti ɗaya zai bar aiki ba fansho. Tak ya sa hannu cewa an kai. Ban tambaye shi ba. Na dai ga ranar da ya sayo fenti da buroshi.

Saura wata biyu ya yi ritaya, guguwa ta taso daga kudu. Jirgi ba ya jiran ta a bakin gaɓa, don za ta yi ta maka shi da bango har ya fashe. Dole ya fita teku kafin la'asar. Duk suka fita ban da ɗaya, wanda bawul ɗin tururinsa ya tsage.

Laftanar Pyeon, injiniyan jirgin, ya faɗo sito a guje, riƙe da sabon bawul ƙirar gida.

"Baba Tak, lambar daidai take, amma ya ƙi ɗauruwa!"

"Da awon milimita aka yanka haƙoransa, ranka ya daɗe. Tsohon jirgin nan inci kaɗai ya sani."

"Darasi za ka yi mini, ga mutum ɗari biyu a cikinsa? Akwai ko babu?"

"A littafi babu."

"Ba littafi na tambaya ba, tsoho."

Iska ta fara ɗaga kwanon rufi. Tak ya dubi agogo, ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Wani mai binciken kaya daga hedkwata yana tsaye a bakin ƙofa, ya fake wa ruwa, kunnensa na tare da mu.

Tak ya wuce can ƙurya, ya jawo wani akwati da aka rubuta wa "Cokulan kicin". Ya ɓalle murfin. Bawul uku ne kwance cikin giris, ko tsatsa babu.

Ƙarfe uku da rabi jirgin ya fita.

Washegari mai binciken ya karɓi mabuɗan da hannu biyu, har da rusunawa, amma ya karɓa. Pyeon ya rubuta takardar roƙon a bar wa Tak fanshonsa har sau uku, ba a amsa ba.

Yanzu Tak da matarsa suna gasa kifi a kasuwar bakin ruwa. Sojojin ruwa sukan wuce rumfuna goma don su saya a ta su Tak.