Bencunan da Muka Yi da Katakon Akwati

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya kai ɗansa firamare kyauta, ina da rumfar atamfa a Kantin Kwari. 'Ya'yana biyu suna wata makaranta da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari. Wata rana na bi babbar 'yata da littafin da ta manta a gida, na leƙa ajinsu. Yara na gani zube a kan siminti, gwiwa na gugar gwiwa, kowa ya ɗora littafi a cinya yana rubutu. 'Yan bencunan da ke ajin manyan yara sun mamaye su.

A taron iyaye da malamai na gaba na miƙe na yi ta faɗa. Da na zauna, sai hedimasta ya ce tunda abin ya dame ni haka, in riƙe ƙungiyar mana. Kafin in kawo uzuri an ɗaga hannuwa.

Ban taɓa shugabantar komai ba. Abin da na fara yi daidai shi ne ranar taro. Juma'a ba ta yi wa Musulmi ba, Lahadi ba ta yi wa Kiristocin Sabon Gari ba, sai muka tsayar da Asabar bayan la'asar. Mutane suka ƙaru. Cikin masu zuwa akwai wata Hajiya dattijuwa, asalinsu Barno amma a Fagge ta tashi, tana sayar da turaren wuta. Jikokinta ne a makarantar, kuma matan unguwa ta bakinta suke aiko da magana. Akwai kuma wani kafinta, mutumin Gabas, wanda ya bar Kano lokacin tashin hankali ya dawo bayan yaƙin basasa. Kullum a baya yake zama. Hausa ta zauna a bakinsa, amma da wuya ka ji muryarsa.

Ranar da hedimasta ya gaya mana ya rubuta wa ofishin ilimi kan maganar bencuna an ce a jira, kafintan ya ɗaga hannu.

"Ciyaman, katako yana nan a zube," in ji shi. "Duk firji da babur da janareto da ake shigowa da su, cikin akwatin katako suke zuwa. Masu kanti sun rasa inda za su kai shi. In an samo, zan iya mayar da shi benci."

Muka bi kantuna tun daga Bata har cikin Sabon Gari muna roƙo. Ba wanda ya hana mu, wasu ma godiya suka yi da muka share musu ƙofa. Masu amalanke suka kwashe katakon suka jibge a gaban shagon kafintan. Na tashi a taro na ce, "Alhamdu lillahi, kafinta ya ɗauki aikin." Daga nan na koma rumfata, domin salla ta gabato, ciniki ya buɗe.

Bencuna shida suka zo, masu kyau. Bayan su shiru. Kafintan ya daina zuwa taro. A taro na biyu da ba a gan shi ba, wani direban tasi cikin iyaye ya ce shi dai ya ji ana cewa katakon ya zama gadaje da kabad na sayarwa. Wasu suka gyaɗa kai. Ban goyi bayansa ba, amma ban tsawatar ba. Na wuce zuwa wata magana.

Da safe sai ga Hajiya a rumfata. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama.

"Ɗan nan, tun da aka kai katakon ka taka ƙafa ka je shagon mutumin nan?"

"Inna, kin ga yadda kasuwa take."

"Shi ba shi da kasuwa ke nan? Ka ɗora masa aiki kamar wanda ka ɗauka haya, ka juya baya. Jiya kuma ana cin mutuncinsa a gabanka kana kallo."

Ba ta jira amsa ba ta tafi. Bayan azahar na rufe rumfa na nufi Sabon Gari. Na tarar da katakon yana nan tsibi guda, shi kuma yana zaune a kan ɗan kututture yana zare ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, hannunsa na dama naɗe da tsumma. A cikin shago ga wani gado na mai saye, an fara ba a gama ba.

Muka gaisa. Na tambayi hannu, ya ce ƙusa ce mai tsatsa, amma an yi masa allura.

"Kowane falanki sai an cire masa ƙusa an goge shi kafin ya shiga aiki," in ji shi. "Ni kaɗai ne. In na yi na makaranta, na gida ya tsaya."

"Maigida, me ya hana ka zo ka faɗa mana?"

Ya ajiye gudumar da ke hannunsa. "Mu da muka dawo, in aka yarda da mu a kan abu, ba ma son mu zo mu ce mun gaza. Kuma abin da aka faɗa jiya ya iso ni."

Kunya ta rufe ni. Na ce masa laifin nawa ne, ya yafe ni. Na tuɓe babbar riga na rataye a ƙofa, na ce ya nuna mini yadda ake zare ƙusa ba tare da katako ya tsage ba. Muna nan har aka kira la'asar.

A taro na gaba na faɗi abin da na gani, na kuma ce a gaban kowa ni na bar mutum ɗaya da aikin mutum ashirin. Sannan na bi iyaye ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, me kake iya yi, kuma wane lokaci kake da shi? Ashe a cikinmu akwai mai fenti, akwai magina, akwai mai babbar mota. Aka kwaso katakon aka dawo da shi farfajiyar makaranta. Duk Asabar iyaye suna cire ƙusa, malamai suna gugar katako, kafintan kuwa awo da yanka da haɗawa kawai yake yi. Hajiya ta tsara matan unguwa, kowane mako gida biyu suna aiko da kunu. Muka kafa doka cewa ba za a sake ba mutum ɗaya aiki ba, sai biyu ko uku, kuma shugaba ya leƙa su a tsakiyar mako ko ba a kira shi ba.

Kafin damina ta wuce duk azuzuwa sun samu abin zama. Da muka juya kan gyaran banɗakin 'yan mata, kafintan da kansa ya ce zai yi ƙofofin. Na tambaya wa zai kama masa. Direban tasin nan ne ya fara ɗaga hannu, idonsa a ƙasa. Makonni uku suka yi suna aiki tare, shi yana riƙe katako, kafintan yana bugawa. Ban taɓa jin sun tayar da tsohuwar maganar ba, ni ma ban tambaye su ba.