Baƙar Mota a Tsakar Gidanmu

Lokacin da aka kawo ni Tudun Wada daga gidanmu na Bebeji, maigidana kwangilar hatsi yake yi. Yakan sayi dawa da gero a kasuwannin Burumburum da kewaye, ya ɗora wa jakuna, ya kai wa leburorin haƙar kuza a Riruwai. Mu uku ne a gidan, ni da shi da mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya. Ban daɗe da tarewa ba wani Bature mai duba ramukan kuza ya tashi komawa ƙasarsu, ya sa kayansa a kasuwa. Maigida ya tafi sayen fitila, ya dawo da mota.

Baƙa ce, 'yar madaidaiciya, mai ƙofa huɗu. Shi bai iya tuƙi ba. Wani direba mutumin Kiru ne ya kawo ta, kuma shi ake aika wa in za a fita, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Daren farko a ƙofar gida ta kwana. Gari na wayewa aka tarar wani mai itace ya ɗaure jakinsa a ƙarfen gabanta ya shiga masallaci. Kafin azahar maigida ya kira magina suka fasa katangar gabas, aka turo ta tsakar gida, tsakanin rumbu da madafa, aka sa wa gurbin ƙyaure.

Iya ta zagaya ta, ta leƙa ciki, ta ce, "Wannan baƙuwar me take ci?"

Ya ce, "Fetur, Iya."

Ta ce, "To madalla, ba ta cikin rabon tuwo ke nan."

Tunda ba namijin da ke shigowa cikin gida, wankinta sai ya faɗo kaina. Maigida ya zaunar da ni ya karanta mini dokokin da kukun Baturen ya gaya masa. Ba a wanke ta a rana. Daga sama ake farawa a gangaro. Tsumman jiki daban, tsumman ƙafa daban, domin yashi ɗaya in ya maƙale a tsumma ya isa ya karce fenti. Ruwan rijiya ma sai an bar shi ya kwanta a randa. Na ce, "Malam, wannan ai ko jinjiri sai haka." Ya ce jinjiri in ya karce yana warkewa.

Motar ta zo da wani ɗan gwangwani na man gogewa, mai ƙamshi kamar alewa. Da shi muka fara. Ni ke shafawa, in bari ya bushe ya yi fari, sannan in goge da tsohon rawaninsa, shi kuma yana zaune a kan turmi yana nuna mini inda na tsallake. Da gwangwanin ya ƙare aka aika Kano, ɗan aiken ya dawo da man takalmi. Daga nan maigida ya shiga gwaji. Ya sa aka shafa mata man shanu; ranar ƙudajen unguwa duk a gidanmu suka yini, kyanwar Iya kuma ta lashe murfin gaba tas. Aka gwada man gyaɗa. Ya yi ƙyalli har zuwa lokacin da na fara shiƙar gero, sai ƙaiƙayi ya bi ya manne mata, ta koma kamar kazar da aka jiƙa. Iya dai sai ta kwashe kwalaben manta ta kai ɗaki.

Direban nan ne ya kawo maganar kakin zuma, ya ce ya ga ana narka shi da ɗan kananzir. Muka saya wurin wani Bafillatani mai kawo zuma ranar kasuwa, na narka a tsohon kasko nesa da wuta mai harshe, na bari ya yi kauri kamar man kaɗanya. Wannan kam ya karɓe ta. In aka shafa shi sama-sama aka goge sosai, ruwa ba ya zama a jikinta, sai ya dunƙule ya gangara. Kashin tantabaru ma in an hanzarta ba ya barin tabo.

Ƙafafun su ne aikin. Kowace ƙafa tana da wani faifan ƙarfe fari a tsakiya, kamar murfin kwano, kuma jar laka ta hanyar Riruwai tana kama shi ya dafe. Yadda nake wa tasoshina haka na yi musu: jiƙaƙƙiyar tsamiya, da tokar da na tankaɗe a rariya mai laushi, sai ɗauraya da sauri, a tsane, a ɗan shafa mai saboda tsatsar damina. Lungunan ƙarfen kuwa da asuwaki nake bin su. Sai da ta kai ina duba ɗaurin kallabina a ƙafar mota, ko da yake takan nuna mutum da ƙaton hanci.

Ana saura 'yan makonni Babbar Salla maigida ya sayo ragon layya, fari, mai ƙaho murɗaɗɗe, aka ɗaure shi a gindin rumbu. Wata Alhamis na gama gugar motar da hantsi, ta yi ƙyallin da ba ta taɓa yi ba, na shiga madafa. Can sai na ji dum, kamar an yar da turmi. Na fito na ga rago ya tsinke igiya, ya ja da baya, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙofar baya ta hagu. A cikin ƙofar akwai wani ragon, shi ma ya sunkuyar da kai. Kafin in kai gare shi ya sake kai masa karo. Iya tana zaune a tabarma tana kaɗi, ta ce, "Ki bar su, ba a shiga faɗan raguna."

Da ƙyar na janye ragon. Ƙofa ta lotsa, wurin ya kai faɗin ƙwarya, fenti ya tsage. Shi kuma ƙahonsa na dama ya karye daga tsakiya, jini yana zuba.

Maigida ya dawo bayan la'asar. Ya tsaya a gaban ƙofar ya daɗe, ya sa tafin hannu a cikin ramin kamar mai auna hatsi. Ya ce, "Wa ya yi?" Na nuna masa rago. Ya dubi rago, rago yana tuƙa. Ya ce a ba shi wuƙa. Iya ta ce, "Yaron nan, Salla ba ta zo ba. In ka yanka shi yau, nama ka ci." Ya gyara hularsa ya fita neman fatawa wurin malamin unguwarmu, wani dattijo mai koyar da littattafai a zaurensa.

Da ya dawo na tambaye shi abin da malam ya ce. Ya ce malam ya ce karyayyen ƙaho ba ya hana layya, matuƙar ya warke. In yana jini ranar Salla, to sai a nemi wani ragon. Na ce, "Motar fa?" Ya ce malam ya ce babu babinta.

Haka maigida ya koma jinyar rago. Safe da yamma yana tsugune yana wanke masa ƙaho da ruwan gishiri, yana ɗaure shi da ƙyalle, yana ba shi dusa da harawa a hannu. Motar kuma aka lulluɓe ta da tabarmi har ƙasa. Ƙahon ya bushe ana jibi Salla, aka yi layya lafiya. Naman ya yi daɗi, maigida ma ya ci, ya ƙara.

Bayan Salla aka ciro ƙofar aka kai wa maƙerin bakin kasuwa. Ya buga ta daga ciki, rami ɗaya babba ya zama ƙanana da yawa. Aka shafa mata baƙin fenti irin na akwatin ƙarfe, wanda ko an kwana ana guga ba ya ƙyalli. Tun daga nan ƙofar ba ta ƙara buɗuwa daga waje ba. Sabuwar doka kuma ta fito: duk shekara, daga ranar da rago ya shigo gida, shafa kakin zuma ya tsaya daga tagogi zuwa sama, ƙasa kuwa ruwa kawai.

A kakar wannan shekarar ƙanwata ta haihu, aka aika wa direba ya kai ni suna Bebeji. Ranar na fara shiga cikinta. Na zauna a baya ni da Iya, da ƙullin kayan barka a cinya. Ba mu kai Kiru ba na gane mota ba ta karɓe ni ba, sai da aka tsaya mini a bakin wani rafi na yi amai na wanke fuska. Iya kuwa barci ta yi ta yi, sai a ƙofar gidanmu na tashe ta.