Cigiyar Baƙon da Ke Cikin Kwamfutarmu

Shekarun baya, shekara biyu ko uku bayan an ba mu jiha, na yi aiki a wani shagon buga takardu a Gusau. Zan faɗi abin yadda nake tuna shi, amma an daɗe, mai yiwuwa ne na sauya wa wasu abubuwa wuri, ko na haɗa kwana biyu na mai da su ɗaya.

Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba. Sai wani Alhaji, abokin mahaifina, ya sayi kwamfuta ta hannu, wadda aka riga aka yi amfani da ita, ya ɗora ni a kanta. Na riƙe ta kamar ƙwai. Da tsohon zanen mahaifiyata nake lulluɓe ta in an tashi, kuma ban yarda kowa ya ajiye ko kofin ruwa a teburin ba.

A inda na koyi aikin an nuna mana cewa in ka danna maɓallai uku a tare, Ctrl da Alt da Del, wani ɗan akwati zai fito da sunayen duk abin da ke aiki a cikin injin, har waɗanda ba a gani a allo. A tamu sunaye biyar ne. Huɗu na san su. Na biyar ban taɓa ganinsa ba, wasu haruffa ne shida ko bakwai da ba sa karantuwa. Na kuma lura cewa gab da azahar, ko ban taɓa komai ba, injin sai ya kama ƙugi, 'yar jar fitilarsa tana ta ƙyaftawa. Lokacin kuwa kowa maganar bairos yake yi, cutar nan da ke cinye aikin mutane. Sai na ƙirƙiro wa kaina al'ada. Kowace safiya kafin in taɓa aikin kowa, in danna maɓallan, in zaɓi sunan, in rufe shi. Gobe ya dawo, in sake rufewa. Ban gaya wa Alhaji ba, don kada a ce ni na ɓata kayan mutane.

Ana nan sai wani dattijo daga 'Yandoto ya fara zuwa. Idonsa ya yi rauni, ba ya iya rubutu kuma, ga tari da ke damunsa. Yana so a rubuta tarihin gidansu, malaman da aka yi a zuriyarsu, wanda ya karantar da wane, rijiyoyin da suka haƙa, gonakin da aka bari. Babu ko takarda ɗaya, duk a kansa yake. Yana faɗa ina bugawa, sau uku ko huɗu a mako, kusan wata biyu. Ya ce kada a fitar da ko shafi ɗaya sai an kai ƙarshe, don yakan tuna wani abu ya ce a koma baya a gyara. Ni kuma, saboda tsoron kada cutar ta bi fulofi, faifan da ake kwafar aiki a kai, ta yaɗu, ban kwafi aikin a ko'ina ba. Yau in na tuna wannan dabarar tawa, kunya nake ji.

Wata Litinin, ina jin Litinin ce, yana tsakiyar magana aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na buɗe aikinsa, sai na ga wasu ƙananan akwatuna da alamomi sun cika shafi. Na rufe na sake buɗewa har sau biyar. Na aika aka kira abokina mai gyaran na'urori.

Ya danna maɓallan nan, ya ga sunan, ya buga tebur. “Ga ɓarawon nan! Shi ya cinye. Malam, share ta za mu yi tas, mu zuba mata komai sabo.”

Na ce, “In aka share, aikin Baba fa?”

“Aikin Baba ai ya riga mu gidan gaskiya.”

Dattijon yana zaune a benci, sandarsa tsakanin ƙafafunsa. Na san abin da ke ransa, don ya taɓa gaya mini cewa wasu sunayen shi kaɗai ya rage da ya san su, kuma ba kullum suke zo masa ba. Ya yi tari, sannan ya ce, “Wanga abu da kuka hwaɗi, kun gan shi shina ci?”

Abokina ya ce, “Ba a gani, Baba.”

“Kun san mai shi?”

Muka ce a'a.

“To mu dai, in baƙuwar akuya ta shigo garke, ba mu yanka ta, ko an iske ɓarna. Cigiya akai. A bi dillali, dillali shi kai ka ga wanda yas sayar.”

Abokina ya yi dariya. “Baba, wannan ba akuya ba ce.”

“Kai ma ai ba ka san ko mi ce ba, ɗana.”

Ban ce na gamsu ba. Amma cigiya ba ta share komai, shara kuwa ba a dawo da ita. Na roƙi abokina ya ba ni kwana biyu. Na kwafi haruffan nan a takarda ɗaya bayan ɗaya, na duba sau uku, sannan na je na faɗa wa Alhaji komai, har da al'adata ta safe. Bai yi faɗa ba. Ya ce a wurin wani mai sayar da rediyo da talabijin a Tsafe ya saye ta. Washegari na shiga mota. Mutumin Tsafe ya juya takardar sama da ƙasa ya ce shi bai san ko kunna ta ba, daga hannun wata Malama a Bungudu ta fito, mai koya wa mata buga tafireta. Na dawo Gusau na sake shiga wata motar, ina zagin kaina a hanya, wai ni mai digiri ina yawon cigiyar haruffa.

Na iske Malamar a zauren gidansu, ɗalibai na ta ƙwanƙwasa tafireta. Na gaishe ta, na yi dogon bayani da ba a tambaye ni ba, sannan na miƙa mata takardar. Tana gani ta yi murmushi.

“Ai wannan nawa ne. Ni na sa shi.”

Ta ce ɗalibanta sun sha goge aikinsu da kuskure su zo suna kuka, shi ne ta samo wannan ɗan abin ta ɗora. Aikinsa guda ne. Kullum gab da azahar yakan kwafi duk abin da aka rubuta ya ajiye a wata ma'ajiya can ciki, da kwanan watan ranar. Ƙugin da nake ji ke nan. Ta rubuta mini hanyar ma'ajiyar a bayan takardata, ta ce, “Je ka, aikin tsohonka na nan.” Har na miƙe sai ta ƙara, “Kana dai barin sa yana aikinsa ko?”

Na koma na zauna. Na gaya mata gaskiya. Ta kama haɓa. “Kullum? Kai, Malam, mai gadi kake kora kullum?”

Ban taɓa yin tafiya mai tsawo kamar dawowar nan daga Bungudu ba, ga shi kuwa ba nisa. Ina ta lalube a kaina ko akwai ranar da na yi sakaci, ni da nake alfahari ba na sakaci.

Da safe dattijon ya riga ni zuwa. Na buɗe ma'ajiyar yana tsaye a kaina. Kwafi uku ne kacal a ciki, a wata biyu. Na ƙarshe ranar Alhamis ce, kwana huɗu kafin a ɗauke wutar. Sai na tuna. Ran nan ya yi sammako, ya tare ni tun daga ƙofa yana cewa in yi maza, sunan wata kakarsa ya zo masa, kada ya gudu. Garin sauri na manta ban rufe baƙon ba.

Na buɗe kwafin na fara karanta masa. Da na kai sunan kakar nan sai ya lalubi benci ya zauna, ya daɗe yana hamdala. Zama biyu kawai muka rasa, ya kuma sake faɗar su a makon, har da ƙari. Da na ba shi labarin Bungudu duka, ya yi dariya har tarinsa ya tashi, ya ce, “Ashe mantuwarka ta hi hankalinka anfani.”

An fitar da littafin, shafi saba'in da wani abu in ban yi kuskure ba. Ya rasu bayan shekara guda ko fiye kaɗan, na ji kuma takardun suna hannun jikokinsa.

Har yau ni mai tsoro ne, ban warke ba, kuma ba zan ce duk baƙon suna a kwamfuta alheri ne ba, don daga baya na gamu da na sharri. Abin da ya sauya kawai shi ne, in na ga abin da ban sani ba, nakan rubuta sunansa in nemi mai shi kafin in ɗaga hannu. Kuma ina kwafar aiki wuri biyu, wani lokaci uku.

Abokina mai gyara yana nan da ransa, kuma ina zaton wasu daga ɗaliban Malamar za su ga wannan. In na karkace a wani wuri, don Allah ku gyara mini. Shi dai abokina ya dage cewa shi ne ya kawo shawarar cigiyar. Wannan gyaran kam ban karɓa ba.