Yadda Aka Sauke Motar Dagaci

Yayana ya mallaki jar motar nan tun kafin ya mallaki gemu. Yana ƙaramin malamin gona wani Bature injiniya da ya zo aikin madatsar ruwa a yankinmu ya tashi komawa gida, ya bar masa ita. Kujera biyu gare ta, ba ta da rufi sai wata tamfol da ake ja in hadari ya taso, kuma sitiyarinta a dama yake, domin an ƙera ta tun kafin ƙasar nan ta canja hannun tuƙi. Ba ta ɗaukar iyali, ba ta ɗaukar buhu, ko tunkiya sai an lallaɓa. Mahaifinmu, wanda shi ne dagacin garinmu a lokacin, ya fito ya zagaya ta a natse, sannan ya tambayi Yaya yaushe za a kawo sauran.

Da mahaifinmu ya rasu aka naɗa Yaya. Tun daga ranar, ni da muka ci tuwo a kwano ɗaya muka yi dambe a kan tabarma ɗaya, sai na cire takalmi na durƙusa kafin in tambaye shi ya kwana. Ban taɓa jin nauyin hakan ba. A wurinmu ƙa'idar gaisuwa a sarari take: kan mai gaisuwa ya kasance ƙasa da kan wanda ake gayarwa. Ni kuwa malamin nahawu ne, na ƙare ƙuruciyata a sakandare a Gwarzo ina kare ƙa'idoji waɗanda ba su kai wannan ma'ana ba.

Garinmu yana tsakanin Gwarzo da Kabo, ɗan nesa da kwalta, kuma a da hanyarmu kowace damina sai ta koma rafi. Duk lokacin da cikin motar ya gogi ƙasa sai a kai ta wurin wani bakanike a Kabo, shi kuma ya ƙara mata falle ɗaya na sifirin ɗin da ke ɗauke da jikinta, ko ya cusa wani guntun ƙarfe, ko ya yanko roba daga tayar babbar mota ya toshe inda robar asali ta mutu. A hankali motar ta yi ta girma. Babu wanda ya lura, kamar yadda ba ka lura da tsawon ɗanka sai ranar da ya ari rigarka. Daga ƙarshe ta tsaya a kan dogayen ƙafafu kamar zalɓe a bakin tafki. Hakan ya yi wa kowa daidai. In Dagaci ya tsaya a bakin hanya, jama'a su zube, shi kuma ya ɗaga hannu daga can sama.

Sai siyasa ta kawo mana kwalta har ƙofar masallaci. A shekarar ne babban ɗan Yaya, wanda ke aiki a Kano, ya nuna masa hotunan irin motar a waya, yadda take a ƙasar da aka haife ta: shimfiɗe, ciki dab da titi, kamar ƙadangare a kan dutse. Yaya ya daɗe yana kallo. Da muka keɓe ya ce mini haka take ranar da ya fara ganinta, har ya manta. Ya ce gidan da yake ciki na sarauta ne, rawanin na sarauta ne, shimfiɗar da yake zama ta sarauta ce, ko sunansa rabon da ya ji wani ya kira shi tun rasuwar Inna. Duk waɗannan zai bar wa wani. Motar nan kaɗai ce tasa, ita ma an naɗa ta ba da saninsa ba. Yana so kafin idonsa ya gaza ya mayar da ita yadda take, ya tuƙa ta da hannunsa.

Ɗan nasa ya yi odar kaya daga waje: gajerun sifirin, sababbin shokozoba masu shanye gargada, da robobi cikin leda. Yaya ya kira bakaniken a waya daga zaure, ya ce gobe za a kawo ta Kabo, yana so a sauke ta.

A zaure ba a magana da mutum ɗaya. Kafin la'asar labari ya kai bakin kasuwa cewa gobe za a sauke, kuma a Kabo za a yi. Kafin magariba 'yan'uwanmu na ɗaya gidan, waɗanda kakansu ya taɓa riƙe garin na ɗan lokaci kuma ba su taɓa yafe wa tarihi ba, sun aika da manyan rigunansu wurin mai bugu. Na fita da kaina don in kashe wutar. Na tsaya a majalisar mai shayi na yi bayani irin na aji, cewa Dagaci ya ce a sauke ta, bai ce a sauke shi ba, kuma tsakanin ta da shi akwai tazarar da duk ɗan aji uku ya sani. Na ji daɗi a raina, domin shekara da shekaru ina koyar da wakilin suna ban taɓa ganin ya yi wa kowa rana ba. Wani ɗan ɗaya gidan ya kurɓi shayinsa ya ce, "Malam, ai sarautar ma ta ce." Na dawo gida.

Shi ma bakaniken bai gane ba. Da muka isa Kabo washegari ya riga ya kafa sarƙa a reshen darbejiya, yana shirin ciro injin. Ya ce shi a garejinsa in an ce sauke, to inji ne, ko kuwa fasinja. Da Yaya ya nuna masa hoton, ya karɓi wayar ya nisanta ta daga idonsa, ya ce wannan ai lodi ya yi mata yawa. Aka ce ba komai a cikinta. Ya ce to sifirin ɗinta ya karye. Aka ce haka masu ita suke so. Ya ce tun yana yaron gareji duk wanda ya shigo wurinsa ɗagawa yake nema, daga mai a-kori-kura har mai motar haya, kuma bai so a ce da hannunsa aka rage wa Dagaci tsawo. Sai da Yaya ya ce umarni ne.

Na zauna a kan wata tsohuwar taya ina kallon aikin, kwana da kwanaki. Abin ya yi kama da tonon tsohuwar rijiya, kowane abu da ya fito da shekararsa. Wannan fallen na daminar da gada ta karye ne, wancan ƙarfen na shekarar da aka kai amarya garin Kara ne motar ta maƙale a yashi. Tsofaffin shokozoba sun bushe ƙayau, in ka danna su ba sa ko musu. Robobin tayar babbar mota sun narke sun manne, sai da kurfi da guduma. Bakaniken yana cirewa yana jan tsaki, domin aikin hannunsa ne yake warwarewa. Amma da aka ɗaura sababbin, aka daidaita ƙafafun, aka sassauta jak ɗin da ya ɗaga ta a hankali motar ta zauna, sai ya ja da baya ya goge hannu. Ya danna gabanta da tafinsa, ta nutsa ta taso ta tsaya cak. Bai ce ta yi kyau ba. Ya ce dai kada a bi da ita ta hanyar Sabon Birni.

Yaya ne ya tuƙa mu gida, da rawaninsa da komai. Ban taɓa zama kusa da ƙasa haka ina gudu ba. Ciyawar bakin titi tana wucewa daidai kafaɗata, in muka zo kwana motar ba ta karkata, sai ta bi kamar ruwa a kwalbati. Na waiwaya na ga haƙoran Yaya a waje. Rabon da in ga wannan dariyar tun muna satar mangwaro.

Farin cikin ya kai mu har bakin gari. Nan muka tarar da babban mai unguwa, dogon tsoho mai ciwon gwiwa, wanda ya yi wa mahaifinmu hidima kafin Yaya. Yaya ya tsaya. Da yake sitiyarin a dama yake, tsakaninsu bai wuce kamu ɗaya ba. Tsohon ya cire takalmi ya durƙusa da ƙyar, ya buɗe baki zai fara, sai ya tarar da idonsa cikin idon Dagaci. Ya sunkuyar da kai, bai isa ba. Ya kai gwiwa ƙasa. Ya dafa da gwiwar hannu. Daga ƙarshe ya yi gaisuwar gaba ɗaya, da lafiyar iyali da gajiya da ruwa da labarin gona, yana fuskantar tayar gaba. Waɗanda ke bayansa ba su ga dalili ba, amma sun ga babba ya yi, suka bi. Kafin mu kai ƙofar masallaci magidanta sun shimfiɗu a gefen kwalta kamar barkonon da aka shanya. Matan da ke bakin famfo suka juya baya, kafaɗunsu na rawa.

Bayan 'yan kwanaki masu unguwanni suka zo fada tare da Liman. Ba wanda ya ambaci mota. Sun yi maganar gwiwa, da tsadar sabulu ga mai farar riga, da daminar da ke tafe da taɓonta. Liman ya ƙara da cewa magana tana da ƙafa. In ta kai wa Hakimi cewa Dagaci na sa mutane kwanciya a ƙasa, ba daɗi, in kuma ta kai cewa talakawa na kallon Dagaci ido cikin ido, wannan ya fi muni, kuma ga 'yan ɗaya gidan rigunansu a buge suke tun tuni. Yaya ya ce to ya yafe, in yana cikin motar kowa ya ɗaga hannu daga tsaye. Na zaci za su yi godiya. Tsohon mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ba naka ba ne da za ka yafe. In muka daina durƙusa maka, da yamma 'ya'yanmu za su gaishe mu a tsaye."

Aka gwada matashi. Hajiya matar Yaya ta fito da tumtum biyu na fata aka ɗora a kujerar direba. Yaya ya hau, kansa ya zarce gilashin gaba, girma ya dawo. Sai dai gilashin nan ashe ba don ado aka sa shi ba. Muna hawa babban titi iska ta sami bakin rawanin, ta shiga warware shi a natse, sai da wani mai babur ya biyo mu da shi naɗe a wuyansa, ya miƙa yana kallon ƙasa. Wannan labarin ma ya kai majalisar shayi, kuma wannan karon ban je da nahawu ba.

Da daddare Yaya bai kira kowa ba. Washegari bayan asuba ya aiko a ce in fito, za mu kai ta Kabo a mayar mata da ƙarafanta. Na same shi ba rawani, ba babbar riga, sai wata tsohuwar hula da kakin aikin gona da ban san ya ajiye ba. Ya ce tun da gareji za a je, kuma tafiyar ƙarshe ce, shi zai tuƙa. Na shiga na zauna kusa da shi.

Tsohon mai unguwa yana zaune a dakalin ƙofar gidansa da carbi. Yaya ya rage gudu, ya fara neman gefe. Tsohon ya dube mu, ya dubi hular, ya dubi kakin. Sai ya ɗaga kai ya ƙura wa darbejiyar da ke tsallaken titi ido, kamar wanda aka ba aikin ƙirga ganyenta. Muka wuce. Mai shayi ya ga abin da tsohon ya yi, ya duƙufa kan fifita wutar da ke ci da kanta. Liman yana fitowa daga masallaci takalminsa ya ɓace masa, alhali yana ƙafarsa. Har muka fita gari, jar mota mai ƙarar salansa ta ratsa tsakiyar kasuwa, ba mahaluƙin da ya gan ta.

A Kabo bakaniken ya fito yana murmushin wanda maganarsa ta tabbata, ya ce dama ya ajiye komai, ya san za a dawo. Yaya bai fito ba, hannunsa a kan sitiyari. Can ya ce a duba masa iskar taya. Aka duba. Ya ce ƙarafan kuma a ba maƙeri. Daga nan bai nufi gida ba, ya miƙa Gwarzo, muka sha fura a tasha, inda wani ɗan kamasho ya ce masa, Baba, matsar da 'yar motarka. Ya matsar, yana dariya.

Da la'asar ya naɗa rawani ya fito fada. Tsohon mai unguwa ya shigo ya zube, ya yi gaisuwa cikakkiya ba ragi, sannan ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ɗazu da safe wata jar mota ta wuce, wani malamin gona ne a ciki. Ban waye shi ba."

Yaya ya ce, "Yakan wuce."

"To in na gan shi in tsayar da shi?"

"Ƙyale shi, mai unguwa. Ba ya zama."

Haka aka zauna har yau. Malamin gonan yakan wuce da sassafe, sau ɗaya ko biyu a mako, kuma garinmu, inda ba a ɓoye ko sabon takalmi, bai taɓa sanin ko wane ne ba. 'Yan ɗaya gidan sun so su kai magana gaba, amma ba su sami mai shaida ba. Fallayen sifirin kuwa maƙeri ya mayar da su fartanyu, ya aiko wa fada da guda biyu. Ɗaya tana wurina, kuma tana cin ƙasa sosai.