Tsuntsu Mai Fiffike Ɗaya

Ni dai ba na son aikin bargo. A haɗa zane a sama, soso a tsakiya, shafi a ƙasa, a yi ta tura su ƙarƙashin allura har kafaɗa ta riƙe. In zanen mai surfani ne kuwa, wahalar ninki biyu ce, domin ba a bin kan ado da keke. Zaren sai ya tsinke, furen ya kwanta kamar an taka shi. Dole a kewaye kowane ganye a hankali.

Don haka ranar da wata mata ta shigo shagona da tsohon zanen gado, a'a tana bakina. Daga ƙauyukan Mariga take, cikin waɗanda 'yan bindiga suka koro Kontagora. Ta ce marigayiya mahaifiyarta ce ta yi surfanin da hannu, kuma shi kaɗai ta tsira da shi. Tana so a ɗora shi kan soso kafin ya yage.

Na shimfiɗa shi. Jajayen furanni ne, da tsuntsaye biyu a tsakiya. Guda fiffikensa ɗaya. Ɗayan fiffiken layin fensir ne kawai, har ya fara gogewa.

Na ce, "Wannan mai sauƙi ne. Maƙwabcina yana da injin surfani, yanzu zai cike shi."

Ta ce, "A'a, Anti. Nan Mama ta tsaya, kada kowa ya cike."

"Ai wanki ɗaya zai tafi da fensirin."

"Shi ya sa ban taɓa wankewa ba."

Tausayinta ya kama ni, na karɓi aikin.

Na kewaye furannin nan kaf ina mita, hali zanen dutse. Da na iso fiffiken, na sa farin zare na bi layin fensirin daidai, har inda hannun tsohuwar ya karkace ban gyara ba. Cikin na bar shi fili. Ban kuwa tambaye ta ba kafin in yi.

Da ta dawo, ta daɗe tana bin ɗinkin da yatsa, ba ta ɗago ba.

Can ta ce, "Anti, yanzu zan iya wankewa?"

Na ce, "Je ki wanke abinki."